Neman Gurbi a Makarantar Jinya: Daga Fadan Kagoma Zuwa Kafanchan

Shirin na yau na iyaye ne da 'ya'yansu, musamman gidajen da ke da yarinya ko yaro mai burin sa farin kaya ya tsaya a gefen gadon majinyaci.

A Fadan Kagoma da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da wuya malami ya shiga ajin kimiyya na ƙarshen sakandare ya tambayi abin da kowa ke so ya zama, ya fito bai ji "nas" daga baki da yawa ba. Dalilin a fili yake. Kafanchan na nan kusa, mota ɗaya ce, kuma a can Kwalejin Jinya da Ungozoma ta Jihar Kaduna take, ga sauran rassanta a Tudun Wada cikin garin Kaduna da kuma Pambeguwa. An sa wa babban asibitin Kafanchan sunan ɗan Fadan Kagoma, marigayi Sir Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya mulki jihar daga 2010 har zuwa rasuwarsa a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a watan Disamba na 2012. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da asibitin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Yarinyar da ta raka mahaifiyarta awo ko ta kwana jinyar kakarta a wannan asibiti, ta ga wadda ta sa allura ta daidaita ƙarin ruwa da tsakar dare, ba abin mamaki ba ne ta dawo gida da wannan buri a zuciyarta.

Sai dai kowace shekara masu nema sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba. Idan jerin sunaye ya fito ba sunan yarinya, maganar da aka fi ji a tsakar gida ita ce, "Ai sai da hanya." Ba wanda zai rantse cewa ba a taɓa alfarma a ƙasar nan ba. Amma wanda ya zauna ya bi takardun yaran da aka bari a baya zai tarar da yawansu tun kafin a zo batun alfarma suka faɗi: wannan babu kiredit a Fiziks, waccan sunanta a katin ɗan ƙasa ya saɓa da na takardar sakamako, wancan bai ji an buɗe fom ba sai da aka rufe. Duk waɗannan abubuwa ne da iyali ke iya gyarawa, in sun sani da wuri.

Da farko, wa ke yanke yawan gurabe? Shugaban kwaleji ba shi da wannan iko, kwamishina ma ba shi da shi. Ikon yana hannun Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, mai hedikwata a Abuja. Tushenta tsoho ne: dokar ungozoma ta 1930 da dokar jinya ta 1947 su suka kafa hukumomi biyu, aka haɗe su wuri ɗaya a 1979. Ita ke aika jami'anta su duba makaranta ciki da waje. Malamai nawa ne masu rajistar koyarwa? Yaya ɗakin koyon aiki, inda ake ajiye gadaje da mutum-mutumin roba da ɗalibi ke fara gwada hannunsa a kai? Ina ɗalibai ke kwana? Gadaje nawa ne a asibitin da za su koyi aiki, kuma ana karɓar haihuwa isasshiya da kowace ɗalibar ungozoma za ta samu ta sa hannu? Bayan wannan dubawa ne hukumar ke gaya wa makaranta adadin da za ta iya ɗauka.

Akwai hikima a wannan takura. Lissafi ana iya koyar da mutum ɗari biyar a babban zaure da lasifika. Sa bututun fitsari ko juya wanda ya shanye ba ya koyuwa haka. Dole ɗalibi ya tsaya kusa da wadda ta iya, ta ga hannunsa, ta gyara masa. In ɗalibai suka fi majinyata yawa a ɗaki, wasu kallo kawai za su yi har su gama.

Duk ɗalibin da ya faɗa cikin adadin da aka yarda, makaranta za ta tura sunansa da takardunsa ga hukumar, ta tantance, ta ba shi lambar rajistar ɗalibta, wadda ɗalibai ke kira lambar indes. Da ita ake zana jarrabawar ƙarshe ta hukuma, wadda ake yi a watannin Mayu da Nuwamba ga masu jinya, Maris da Satumba ga ungozoma. Wanda ba shi da wannan lamba, ko ya shekara uku yana sa yunifom yana zuwa aji, ba zai zauna jarrabawar ba, ba kuma zai samu lasisin aiki ba. Iyaye su riƙe wannan da kyau, domin a nan ne gidaje da yawa suka yi asarar kuɗi da shekaru.

An faɗaɗa ƙofar a 'yan shekarun nan. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar a 2024 cewa an ɗaga yawan guraben jinya na ƙasa baki ɗaya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Abin da ya tilasta hakan sananne ne: a watan Fabrairu na 2024 magatakardan NMCN na lokacin, Dokta Faruk Umar Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Birtaniya na cikin manyan wuraren da suke nufa, inda Najeriya ke biye da Indiya da Filifin a yawan ma'aikatan jinya 'yan waje. Labarin masu tafiya kuma shi ke ƙara janyo masu nema, har da waɗanda a da likitanci ko haɗa magunguna suke hari. Ga gurabe sun ƙaru, ga layi ya ƙara tsawo.

Neman gurbin nan kamar tankaɗe yake da rariya hawa-hawa, kowace ta fi ta bayanta ƙananan ido. Rariyar farko kuwa ba a Kafanchan take ba. Tana cikin ajin farko na babbar sakandare, ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci.

Sharaɗin hukuma ɗaya ne a duk faɗin ƙasa: kiredit biyar, a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu, ba fiye ba. Kiredit yana tsayawa ne a C6. D7 da E8 ba su shiga lissafi. Ilmin Noma ba ya maye gurbin Fiziks, ko da yarinya ta ci A1 a cikinsa. Ana iya haɗa sakamakon WAEC da na NECO su zama zama biyu, amma na uku ba ya shiga. Yarinyar da aka tura ajin adabi tana shekara 14 saboda ajin kimiyya ya cika, ko saboda an ce mata Fiziks na maza ne, an rufe mata ƙofar makarantar jinya shekara uku kafin a sayar da fom ɗin, kuma sau da yawa babu wanda ya lura a gidan.

Ko wadda ta shiga ajin kimiyyar, da sauran aiki. A jarrabawar Kemistiri ta aikace, ana ba ɗalibi doguwar kwalba mai ma'auni da ɗan famfo a ƙasanta. Zai riƙa sakin ruwan asid ɗigo-ɗigo cikin wata kwalbar yana kaɗawa, idonsa a kan launin ruwan. Da zarar launi ya juya, sai ya rufe famfo nan take, ya durƙusa ya daidaita idonsa da ma'auni ya karanta, ya rubuta, ya sake yi har sau biyu ko uku ya fitar da matsakaici. Wanda ya saba, abin ba wuya. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe kwalbar ba sai ranar jarrabawa, hannunta zai yi rawa, ɗigo biyu su wuce, lissafin da ke biye duka ya karkace. Ba ta rasa ƙwaƙwalwa ba. Makarantarta ce ba ta da kayan, ko tana da su a kulle a kabad ba malamin da zai buɗe. Wannan abu yana da ciwo, domin irin wannan natsuwar hannu da ido ita ce ainihin abin da za a nema a wurinta gobe in tana auna magani a sirinji.

Shi ya sa ƙungiyar iyaye da malamai, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da zumuntar mata a coci, da kwamitin masallaci, in suna neman inda kuɗinsu zai yi amfani, su dubi ɗakin gwaje-gwajen makarantar garinsu da alawus ɗin malamin Fiziks. An gwada irin wannan a arewa an ga amfaninsa. Shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta tallafa daga 2012 zuwa 2020 a jihohi irin su Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, ya kafa shekarar share fage a makarantun kiwon lafiya. Al'umma ke zaɓo 'yan matan karkara waɗanda kiredit ɗinsu bai cika ba, a zaunar da su a koya musu darussan kimiyya da Turanci, su sake zana jarrabawa, sannan su nemi gurbi kamar kowa, da alkawarin komawa garinsu aiki. Ba a sassauta musu sharaɗi ba. Taimaka musu aka yi suka kai shi.

Wanda ya tsallake rariyar kiredit, hanyoyi uku ne a gabansa, kuma ya kamata ya san bambancinsu kafin ya kashe ko sisi.

Akwai ta jami'a: digirin jinya, shekara biyar, sai shekara ɗaya ta horon aiki a asibiti. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na cikin masu yin sa. Akwai tsohuwar hanya ta makarantun da ke jingine da asibitoci, shekara uku, inda makaranta ke sayar da fom ɗinta ta shirya jarrabawarta. Yawancin manyan nas-nas da ke asibitocinmu yau ta nan suka fito. Sai kuma sabon tsari da ke maye gurbin tsohon sannu a hankali, inda makarantun suka koma kwalejojin kimiyyar jinya, ana yin shekara biyu na ND da biyu na HND, tare da sa idon hukumar ilmin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda hedikwatarta ke Kaduna. A cikin tafiyar ne ɗalibi ke zana jarrabawar NMCN ya zama nas mai rajista. Abin da wannan sauyi ya jawo wa mai nema shi ne JAMB. A da yarinya na iya shiga makarantar jinya ba ta taɓa zana JAMB ba. Yanzu a tsarin ND da na digiri babu makawa. Gidaje da yawa har yanzu da tsohon labari suke aiki, na zamanin da babbar yaya ta shiga, sai su zauna jiran fom ɗin makaranta alhali rajistar JAMB ta wuce tun farkon shekara.

Jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yin ta: tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 kowanne na Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, jimlar maki 400. A 2025 sama da mutum miliyan 1.9 suka zana, kuma sakamakon farko ya nuna fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. A taron tsara manufofin shiga makarantu na watan Yulin 2025, an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin maki na jami'o'i, 140 na kwalejojin jinya, 100 na kwalejojin fasaha da na ilmi, aka kuma tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga. A nan ne ake yawan ruɗewa. Yaro ya ci 145, gida ya ɗauki murna, an haye. Alhali 140 ɗin nan ƙasa ce, wadda ba a yarda makaranta ta sauka ƙasa da ita ba. Makaranta na da damar ɗaga nata, kuma ko ba ta ɗaga ba, in gurbi ɗari ne, daga sama za ta fara ƙirgawa har ɗarin su cika. A jami'o'in da ake rububi, makin jinya yakan zarce 200 da nisa.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda ke baya a ilmin boko. Ɗan Jihar Kaduna da ya nemi Zariya yana da dama ta fiye da ƙofa ɗaya. Amma a kowane kaso ma daga sama ake farawa. Haka kuma makarantu da yawa ba sa duba wanda bai sa su zaɓi na farko ba. Wanda makinsa bai kai na jami'a ba amma ya isa na kwaleji, JAMB ta ba shi damar sauya makaranta, sai ya yi hakan da wuri kafin kwalejin ta rufe tantancewa.

Akwai wani ƙaramin abu da ke karya manyan buri: suna. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa, NIN. Mai nema zai tura kalmar NIN da lambobinsa 11 ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a dawo masa da lambar shiga. Sunan da ke kan NIN da ranar haihuwar da ke kai, su kwamfuta za ta jawo, ba mai iya canza su a wurin rajista. To a yankin nan yaro kan tashi da suna uku ko huɗu: na baftisma ko na yanka, na gida a harshen Gwong, sunan uba, sunan kaka. A firamare an rubuta biyu, a WAEC malami ya juya su, a wurin yin NIN kawu ne ya kai shi ya faɗi wata shekarar haihuwa daban. Ranar tantancewa jami'i zai shimfiɗa takardu a tebur: sakamakon sakandare, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukumar Jama'a daga sakatariyarta, takardar JAMB. In suka saɓa, zai ture fayil ɗin gefe ya kira na gaba, domin ya san Abuja ma za ta ture shi. Iyaye su fito da takardun nan yau, su jera su a kan tabarma, su karanta harafi-harafi.

Layin wayar da aka yi rajista da shi ma kada a yi wasa da shi. Ya zama na mai nema ne ko na gida, wanda ba zai ɓata ba. Kada a yi da layin mai shagon intanet, kada kuma a bar masa kalmar sirri. Ta nan saƙonni ke zuwa, da shi ake duba sakamako. Kuma yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, a nema masa inda zai taɓa ta kafin ranar. JAMB na shirya jarrabawar gwaji ga wanda ya nuna yana so tun wurin rajista, kuma kuɗinta bai kai asarar shekara ba.

Bayan JAMB sai tantancewar makaranta. Wasu na ba da tasu jarrabawar, wasu na haɗa makin JAMB da darajar sakamakon sakandare, inda mai B3 ke gaban mai C6, mai zama ɗaya ke gaban mai zama biyu a wasu wuraren. Da yawa kuma na kiran intabiyu. A ɗakin intabiyu manyan malaman jinya ne ke zaune, mutanen da suka shekara da shekaru suna karanta fuskar majinyaci, don haka karanta fuskar yarinya ba ya ba su wuya. Suna duba tsafta, farce, natsuwa, yadda take amsa gaisuwa, ko za ta iya bayani da Turanci a fahimta. Sukan tambayi abin da ya sa take son aikin. Amsar da aka haddace daga bakin wani a bakin ƙofa ana gane ta. Wadda ta ba da labarin abin da ta gani da idonta, a gida ko a asibiti, ta fi shiga rai. Maza ma su sani ƙofar jinya a buɗe take gare su, kuma ɗakunan maza, da sashen haɗari, da ɗakin tiyata, da asibitin masu taɓin hankali irin na Barnawa a Kaduna, duk suna bukatarsu.

Yanzu ga batun "mai hanya". Da zarar an fara jiran sunaye, sai wani ya ɓullo, ya ce yana da mutum a ciki, a kawo kaza a tura ta asusunsa. Uba ya sayar da akuya ko buhun citta ya bayar. In yarinya ta samu da ƙoƙarinta, mutumin ya ce aikinsa ne. In ba ta samu ba, ya ce a jira jeri na biyu, daga nan wayarsa ta daina shiga. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, tun 2017 duk gurbin da ya bi ta JAMB yana fitowa ne a shafinta na CAPS. Makaranta ta miƙa suna, JAMB ta amince, mai nema ya shiga da kansa ya danna karɓa ko ƙi, sannan ya buga takardar shiga. Kafin haka dole ya tabbata an ɗora sakamakonsa na sakandare a shafin, in ba haka ba ba za a duba shi ba. Takardar da wani ya miƙo a ambulan, wadda ba ta bayyana a CAPS ba, ba gurbi ba ce. Kuɗin fom da na makaranta kuma ta hanyar da makarantar ta sanar ake biya, a karɓi rasit. Ba a biya ta asusun mutum.

Haɗari na biyu ya fi wannan tsada, domin shekaru yake ci. Makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu sun yawaita, wasu na da cikakkiyar amincewa suna aiki mai kyau, wasu kuwa allo ne kawai da yunifom. NMCN na wallafa jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet, jiha-jiha, da irin karatun da ta yarda kowace ta yi. A duba sunan makaranta a wurin, a kuma duba cewa shirin da ake nema shi ne aka amince da shi, domin izinin ungozoma daban, na jinya daban. Uba na da haƙƙin tambayar magatakarda ido da ido: gurbi nawa hukuma ta ba ku, ɗalibai nawa kuka ɗauka? Koyon allura a ƙaramin asibiti ko shagon magani kuwa, wanda ake yaye mutum da biki a kira shi nas, hukuma ba ta san da shi ba, ba ya kai wa ga lasisi.

A kuma bambance jinya da aikin lafiyar al'umma. Kwalejin fasahar kiwon lafiya ta ECWA da ke Kagoro da makamantanta suna horar da jami'an lafiyar al'umma, waɗanda ake kira CHEW, kuma su ne ƙashin bayan ƙananan asibitocin karkara. Aiki ne mai daraja, da hukumarsa daban da lasisinsa daban. Wanda ya zaɓe shi da saninsa ya yi kyakkyawan zaɓi. Abin gudu shi ne yarinya ta shiga tana zaton nas za ta fito.

Kada kuma a zuba ido ga Kafanchan kaɗai. Akwai makarantar ungozoma ta St. Louis a Zonkwa, akwai ta jinya ta St. Gerard's a Kakuri, akwai ta St. Luke's a Wusasa, akwai ta asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga Vom a Jihar Filato ba nisa. Makarantun mishan sukan fi na gwamnati tsada, makarantun jiha kuma sukan fifita 'yan jiharsu, don haka kowanne a karanta tallarsa ta wannan shekarar, kada a dogara da ta bara. NMCN ta kuma buɗe shirye-shiryen shekara biyu na ungozoma da jinyar al'umma, waɗanda aka tsara domin 'yan karkara da za su koma yi wa yankinsu aiki. Duk inda ake yin su, sashen lafiya na ƙaramar hukuma ne wurin fara tambaya.

Samun suna a jeri ma ba shi ne ƙarshen tankaɗe ba. A tsarin shekara uku, watanni shida na farko na gwaji ne, abin da ɗalibai ke kira PTS. A nan ake haɗuwa da ilmin sassan jiki da yadda suke aiki, sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, da tushen aikin jinya: gyaran gado da majinyaci a kai, auna zafin jiki, ƙirga bugun jini da agogo a hannu, wanke hannu yadda ya kamata. A ƙarshe a yi jarrabawa, wanda ya faɗi yana iya komawa gida. Waɗanda suka haye ne ake yi wa bikin sa hula, a kunna musu fitila don tunawa da Florence Nightingale, wadda ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860, su yi alkawarin riƙe amana. A sabon tsari ma zangon farko ba ya ɗaga ƙafa. Saboda haka wata shidan nan ba lokacin kiran yarinya gida ba ne don biki ko girbi. A bar ta ta yi karatu.

Kuɗi kuma a fara tanadinsa tun kafin sunaye su fito, domin wa'adin biyan kuɗin karɓar gurbi gajere ne, wanda ya makara a ba na bayansa. Bayan kuɗin makaranta akwai yunifom, takalma, agogo, na'urar sauraron ƙirji, littattafai, kuɗin indes, kuɗin mota zuwa wuraren koyon aiki. Manoman kudancin Kaduna ba su manta da 2023 ba, shekarar da cutar citta ta cinye gonaki a Kaciya, Jaba, Kagarko da Jama'a, ta bar gidaje da yawa ba abin da suka saba biyan makaranta da shi. Gidan da ke da mai neman jinya ya raba ƙafa, ya sanar da dangi da wuri, ya kuma nemi fom ɗin hukumar bayar da tallafin karatu ta Jihar Kaduna da zarar yarinya ta samu lambar shiga.

Wadda ba ta samu ba bana, kada a bar ta ta zauna a ɗaki tana kuka, kada kuma a yi saurin cewa ba rabonta ba ne. A zauna da ita a gano a wace rariya ta tsaya. In kiredit ne, WAEC na shirya jarrabawar masu zaman kansu sau biyu a shekara, NECO na yin tata a ƙarshen shekara, sai ta yi rajistar darussan da za su cike mata biyar ɗin cikin zama biyu. In makin JAMB ne, sakamakon shekara ɗaya yake aiki, dole ta sake zanawa, kuma fom na fitowa ne a farkon shekara, don haka karatu ya fara tun kaka, da tsofaffin tambayoyi da agogo a gefe. In suna ne ko ranar haihuwa, a nufi ofishin hukumar katin ɗan ƙasa tun yanzu, domin gyaran yana ɗaukar lokaci, kuma layin yakan yi tsawo da zarar JAMB ta buɗe rajista.

A nan za mu dakata. Allah ya ba yaranmu sa'a, sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.